Adétikopé: garin shanu ya zama garin masana'antu, mu ina muka tsaya?

Da can idan aka ce Adétikopé a Lome, shanu ake nufi. Kalmar "kope" a yaren Ewe ƙauye take nufi, kuma haka wurin yake: gonakin rogo da masara, sai kasuwar dabbobi inda Fulani da dillalai Hausawa ke cinikin shanun da aka gangaro da su daga arewa. Mu da muka taso a Bè, kusa da tashar jiragen ruwa, ba abin da ke kai mu can sai sayen dabba idan Sallah ta matso.

Yau labari ya sha bamban. A ranar 6 ga Yuni, 2021, Shugaba Faure Gnassingbé ya buɗe dandalin masana'antu na Adétikopé, wanda kowa ke kira PIA, kimanin kilomita 27 arewa da Lome. Fili ne mai hekta 400, haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin Togo da kamfanin Arise IIP. Manufar ita ce a daina fitar da auduga da waken soya ɗanye zuwa waje, a sarrafa su a gida. Akwai masana'antar tatsar man waken soya, da wurin koyar da matasa ɗinki da injinan zamani, da tashar tudu inda ake ajiye kwantena, da filin da manyan motoci masu zuwa Burkina Faso da Nijar da Mali ke jira.

Me ya sa aka zaɓi nan? Hanya ce. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 ta taso daga Lome har Cinkassé a kan iyakar Burkina, kuma tashar jiragen ruwa da aka buɗe a 1968 ta cika, babu filin faɗaɗawa a cikin gari.

Wannan hanyar kuwa mun san ta. A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zango da ke tsakiyar Lome, aka kwashe iyayenmu zuwa Togblékopé, inda yanzu ake kira Agoè Zongo. Dattawa har yau suna ba da labarin yadda suka iske daji, ba ruwa ba wuta, ga nisa da babbar kasuwa. Wurin da aka jefa su a lokacin, yau shi ne a tsakanin tashar jiragen ruwa da masana'antu. Ikon Allah kenan: gari ya biyo mu har inda aka kore mu.

To amma ni abin da ke damuna shi ne rabonmu a ciki. Direbobi namu ne, 'yan kamasho namu ne, mai shayi da mai tsire a bakin hanya namu ne. Cikin masana'antar fa? Can takarda ake tambaya, da Faransanci, da sanin inji. Yaron da aka cire daga makaranta don ya bi mota, a bakin ƙofa zai tsaya. Ga kuma batun fili: tun da aka fara gine-gine farashi ke hawa, wasu na sayar da gādon gidansu, kuɗin ya ƙare cikin shekara guda, su koma haya.

Ba wanda ya ce a bar allo ko a bar fatauci, da su aka san mu. Amma a haɗa da boko da sana'ar hannu, maza da mata. Masu fili su yi haƙuri, su nemi takardar mallaka kafin su saurari dillali. Iyayenmu an tashe su a 1977 ba da shawararsu ba. Wannan karon, in muka rasa wurin, mu muka sayar da hannunmu.