'Yar ma'aikaci a jami'a: Rayuwar da ba ta tafiya sai da lissafi

A yawancin gidajen ma'aikatan gwamnatin tarayya da ke Kubwa, Nyanya, Lugbe ko Mararaba, ba a rasa ɗa ko 'ya a jami'a, kuma kuɗin makarantarsu na cikin abin da ake fara warewa da zarar albashi ya shigo. Iyaye sun san nawa suke turawa. Abin da ba kasafai suke sani ba shi ne yadda kuɗin ke kaiwa ƙarshen wata, da kuma irin kallon da 'ya'yan ke yi wa aikin da ya raine su.

Ɗaya daga cikin waɗannan 'ya'ya ita ce wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a sashen nazarin aikin akanta na Jami'ar Abuja, wadda Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince a sauya mata suna zuwa Jami'ar Yakubu Gowon a watan Disambar 2024. Ɗalibar ta buƙaci a sakaya sunanta, domin mahaifinta ma'aikaci ne a Sakatariyar Tarayya, kuma saura 'yan shekaru ya cika 35 a bakin aiki ya yi ritaya. Ita ce babba a cikin 'ya'yansa biyar.

Daga Gwagwalada zuwa aji

Kamar ɗalibai da dama, a wajen makaranta take zaune. Ita da ƙawayenta biyu suka haɗa kuɗi suka kama ɗaki guda a Gwagwalada, garin da zafinsa ba ya buƙatar a ba mazaunin Abuja labari. Bayan sallar asuba takan ɗora girki, yawanci shinkafa da wake ko taliya, ta zuba a kula ta tafi da shi, saboda sayen abinci a makaranta kullum ya fi ƙarfin aljihunta. Ruwa kuwa sai an tare mai kura. Daga nan ta nufi tasha, ta hau motar da za ta kai ta mazaunin jami'ar na dindindin da ke kan hanyar filin jirgin sama.

A aji, kujerar da ke kusa da soket ta fi kowace daraja. Ta waya ake tura darussa, ta zauren WhatsApp na aji ake sanar da ɗage lakca ko ranar gwaji, don haka wanda cajinsa ya ƙare ko datarsa ta yanke tamkar bai zo makaranta ba ne. Shi ya sa lokacin da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, ɗalibar ta ɗauke shi a matsayin ƙarin kuɗin makaranta.

Kafin cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kusan kowace Juma'a takan tafi gida Mararaba. Yanzu sai wata-wata, domin tafiyar ta ratsa birnin ne daga wannan gefe zuwa wancan, ta Giri da Lugbe har zuwa Nyanya, kuma kowane zango da kuɗinsa. Ko da motar gefen titi ta fi araha ba ta shiga, saboda tsoron ɓarayin nan da ke ɗaukar fasinja su yi masa fashi a cikin mota.

Littafi mai gida biyu

Tana da wani ƙaramin littafi da ta raba kowane shafinsa gida biyu: abin da ya shigo da abin da ya fita. A gidan farko akwai abin da mahaifinta ke turowa, da ɗan abin da take samu daga sayar da hijabai da turaren wuta ta WhatsApp, sai kuma naira 20,000 da Asusun Ba da Lamunin Karatu na NELFUND ke biyan ɗalibai duk wata.

Ba ta yi saurin neman wannan lamuni ba. An sanya wa dokarsa hannu a watan Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu, amma sai da mahaifinta ya tabbatar babu kuɗin ruwa a ciki kafin ya ba ta izini. Ƙa'idar ita ce a fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin ɗari na abin da mutum ke samu. Wasu abokan karatunta na kiran kuɗin rabonsu na arzikin ƙasa. Ita kuwa a shafin ƙarshe na littafin take tara jimlarsa, ƙarƙashin abin da ake bin ta, domin a cewarta akantan da ya kira bashi kyauta bai fara koyon aikinsa ba.

Shekarun da yajin aiki ya ci

Lissafin da ya fi ci mata rai na lokaci ne. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU na 2020, wanda ya faro a watan Maris ya ƙare a Disamba, tare da kullen korona, ya jinkirta shigarta jami'a. Ba ta daɗe da farawa ba aka sake tafiya wani daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022. Sa'o'inta da iyayensu suka iya kai su jami'o'i masu zaman kansu tuni sun cire kakin hidimar ƙasa.

Sai dai a cikin waɗannan watanni takwas ne ta gano abin da take son yi. Gwaggonta na da shagon kayan masarufi a kasuwar Mararaba, can ta riƙa zama don rage zaman banza. Ta lura ciniki na gudana daga safe har yamma, amma shagon ba ya gaba. Da ta fara rubuta komai, sai ta ga gwaggon ba ta raba uwar kuɗi da riba, cefanen gida daga aljihun shago yake fita, bashin da take bin mutane kuma a ka yake. Ba su yi wata uku da fara rubutu ba gwaggon ta san, a karon farko, kayan da ke kawo mata riba da waɗanda ke cinye mata jari.

Burinta ke nan a yau: ta ci jarrabawar ƙwararrun akantoci ta ICAN, ta buɗe ɗan ofis da zai riƙa tsara wa ƙananan 'yan kasuwa, musamman mata, littattafan cinikinsu, ya taimaka musu yin rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni, domin banki ba ya sauraron wanda ba shi da takarda. Jarin farko kuma tana sa ran tara shi daga alawus ɗin masu yi wa ƙasa hidima, wanda ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000 aka fara biya a watan Maris na 2025.

Inda ta sha bamban da mahaifinta

Mahaifin nata ba haka ya so ba. Fatansa ta shiga aikin gwamnati a mataki na 08 kamar kowane mai digiri, ta samu albashi tabbatacce da fansho, da lokacin kula da gida idan ta yi aure. Ba ta raina wannan shawara, don ta san da albashin nan aka saya mata allo da jakar makaranta. Amma ta tashi tana ganinsa yana fita kafin gari ya waye don ya riga cunkoson Nyanya, ta kuma ga an mayar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a watan Yulin 2024, a daidai lokacin da buhun shinkafa ya kai ko ya haura haka a kasuwanni da yawa.

Akwai kuma abin da ta ce ya fi ƙarancin albashi illa: yawancin abokan karatunta sun riga sun yarda cewa ba a samun aikin gwamnati sai da uwa a gindin murhu. Ba ta ce haka abin yake a ko'ina ba. Damuwarta ita ce, ɗalibin da ya yarda da wannan tun yana aji biyu yakan sassauta wa littafi ya koma neman wanda ya san wani, kuma irinsa ne gobe zai zauna a kan kujerar da ake kuka da ita.

Yadda take kallon zamani

Ba ta cikin masu ɗora wa waya laifin komai. Da ita take ciniki, da ita ta koyi sarrafa manhajar Excel a YouTube. Abin da take ƙi shi ne gasar nuna hali: bikin kwana biyar, anko kala-kala, lefen da ake baje wa duniya a TikTok, har ɗaliba ta ci bashin manhajojin lamuni don kada a ga ta gaza. A ganinta, matasa ba su suka ƙirƙiro wannan ba. A jerin gwanon motocin manya da bukukuwan 'ya'yansu suka gani suka koya.

Da yawa daga cikin 'yan ajinsu Ingila ko Kanada suke hange. Ita ba ta zarge su ba, amma ta ce kasuwar da take son yi wa aiki a nan take. A siyasa ma ba ta yanke ƙauna ba. Ta kaɗa ƙuri'arta ta farko a 2023, kuma ta san dokar 2018 ta rage shekarun takarar Majalisar Wakilai daga 30 zuwa 25, sai dai ta lura an rage shekaru ba a rage kuɗin fom ba. Batun aure kuwa, wanda mahaifiyarta ke yawan tuna mata, ba ta ga inda ya ci karo da aiki ba, muddin an yi maganar a fili tun kafin a kai kuɗin gaisuwa.

Buƙatarta ga masu riƙe da ofisoshi ba ta da yawa: abin da aka sa wa rana ya zo a ranarsa. Takardar da ta kwana wata uku a kan tebur, ko yarjejeniyar da aka sa wa hannu aka manta, a wurin ɗalibi zangon karatu ne guda, da kuɗin hayar ɗakin da ya biya bai kwana a ciki ba.

Tana da dalilin matsuwa. Ƙaninta na shirin rubuta jarrabawar JAMB, kuma ta riga ta lissafa cewa mahaifinsu zai yi ritaya kafin ƙananan biyun su gama sakandare. Karatun jami'arsu a wuyanta zai faɗo, kuma ta ce ba ta son ranar ta zo ta same ta tana jiran a kira ta aiki.