Ɗariƙa da Izala a ƙagaggun labarai: shaidar kalmomi

Saɓanin mabiya ɗariƙu da masu inkarinsu ya girmi littattafan da matasa ke karantawa a ƙasar Matameye. A 1972 Shaihu Abubakar Gumi ya wallafa littafin da ya soki Ƙadiriyya da Tijaniyya, a 1978 kuma aka kafa ƙungiyar Izala a Jos. Wa'azinta ya ƙetaro iyaka ta kaset, kamar yadda littattafan soyayya na Kano suka ƙetaro daga baya zuwa garuruwan bakin iyaka irin su Tsauni.

Abin lura shi ne, marubutan soyayya ba kasafai suke kiran ɓangarorin da suna ba. Saɓanin yana ɓoye cikin zaɓen kalmomi. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, 1934, kalmar "malam" ta wadatar, ko mai ilmi ake nufi ko mayaudari. A littattafan baya-bayan nan an raba ta biyu. Saurayi mai ilmi, wanda ya yi Islamiyya, yakan zama "ustaz". "Malam" kuwa sau da yawa shi ne na tsibbu, wanda kishiya ke zuwa wurinsa neman laya da rubutun sha. Tsibbu dabam, tarbiyyar sufaye dabam, amma da yake muƙaddami da wazifa da zikiri ba su cika fitowa a labarin ba, mai karatu yana iya ɗauka cewa malantar gargajiya ba ta wuce wannan ba. Wannan gurguwar sura ce.

A adabin Faransanci abin ya sha bamban. A L'Aventure ambiguë na Cheikh Hamidou Kane, 1961, malamin allo mai zuhudu shi ne ginshiƙin labari, abokin jayayyarsa kuwa makarantar boko ce, ba ɗan'uwansa Musulmi ba.

Lamarin ya shafi masu tsara yaƙi da jahilci kai tsaye. A aji guda a Tsauni ana iya samun Batijane da ɗan Izala bisa tabarma ɗaya. Kalmomi kamar "bidi'a", "waliyyi" da "tawassuli" ba ma'ana ɗaya suke bai wa biyun ba. Kafin a ɗebo nassi daga waɗannan littattafai, ya kamata a karanta shi gaban ɗaliban ɓangarorin biyu, a rubuta yadda kowa ya fassara kalmomin.