Ɗanyen Jini Ko Tsohon Hannu?

Mai karatu, a kasuwar shanu ta Potiskum akan sami manomin da zai sayar da maruƙa biyu ya sayi bijimi ɗaya, saboda damina ta ƙarato kuma maraƙi ba ya jan garma. Irin wannan lissafi na ga ƙungiyoyin wasa suna yi.

A wasan besbol na Amurka, musayar ɗan wasa da ɗan wasa ake yi. A 1987 Detroit Tigers ta ba Atlanta Braves matashi John Smoltz, ta karɓi tsohon hannu Doyle Alexander. Alexander ya ci wasa 9 ba a kayar da shi ba, Detroit ta zo ta ɗaya a rukuninta. Sai dai ya daina wasa a 1989, Smoltz kuwa ya yi wa Atlanta aiki har 2008.

A nan gida, Kano Pillars ta rabu da Ahmed Musa a 2010 bayan ya ci ƙwallo 18 a kakar, ya koma VVV-Venlo ta Holan, sai 2021 ya dawo mata.

A ganina, mai neman kofin bana ya sayi tsohon hannu, ya kuma lura da shekarunsa da albashinsa. Mai gina ƙungiyar gobe kuwa ya riƙe maruƙansa.