Me Ya Sa Kanikawa Ke Saita Taimin?

Kullum muna ganin tsofaffin Fijo 504 suna ɗaukar kaya da fasinja daga Magama Jibiya zuwa Maraɗi. A Faransa aka fara ƙera wannan mota a 1968, aka kuma soma harhaɗa ta a Kaduna a 1975. Abin da ke riƙe da ita har yau shi ne kulawa, musamman saitin taimin.

Injinta silinda huɗu ne. Distiribita ce ke raba wa fulogi wuta bi da bi: 1, 3, 4, 2. Dole tartsatsin ya tashi dab da fistin zai kai ƙololuwa. In ya yi gaggawa, inji ya riƙa ƙwanƙwasa. In ya makara, mota ta yi zafi, ta rasa ƙarfi, ta sha fetur, direba ya yi asara.

Bakanike yakan juya inji har alamar da ke kan fuli ta yi daidai da ta jikin inji. Sai ya sassauta noti, ya murɗa distiribita a hankali har ƙwan gwaji ya kama, alamar kwantak ya buɗe, sannan ya ɗaure.

Akwai kuma zoben roba a gindin distiribita. Zafi kan busar da shi, baƙin mai ya fara tsatsa, ƙura ta manne. Kafin a cire ta don sauya zoben, a yi alama a mazauninta, in ba haka ba taimin ya ɓace.

'Yan ajin kimiyya, mu leƙa gareji mu gani da idonmu.