Rawar Da Furotin Masu Isar Da Saƙon Garkuwar Jiki Ke Takawa A Cutar Jijiyoyin Zuciya

1.0 Gabatarwa

An daɗe ana ɗaukar toshewar jijiyar jini tamkar toshewar kwata, wato kitse ne kawai ke taruwa har ya datse hanya. Wannan fahimta ba ta cika ba. Tun a ƙarni na 19 Rudolf Virchow na Jamus ya lura da kumburi a bangon jijiya, sannan a 1999 Russell Ross na Amurka ya bayyana cutar da cewa ta kumburi ce. Maƙalar nan ta dubi saitokin, wato ƙananan furotin da ƙwayoyin garkuwar jiki ke aika wa juna saƙo da su.

2.0 Yadda Saƙon Ke Zama Illa

Idan kwalastaral ya kutsa cikin bangon jijiya ya maƙale, sai jiki ya ɗauke shi a matsayin baƙon abu. Fararen ƙwayoyin jini su shiga su haɗiye shi, su kuma fitar da saitokin mai suna intalukin-1. Wannan shi ke tayar da intalukin-6, wanda ke sa hanta ta samar da furotin CRP da likitoci ke aunawa a jini. Kiran gudummawa ne da ba ya yankewa, domin kitsen bai gushe ba. A hankali ƙwayoyin da suka amsa kiran sukan cinye murfin da ya lulluɓe tarin kitsen. Ranar da ya fashe, jini ya daskare a wurin, sai ɓangaren zuciya ya mutu ko ɓarin jiki ya shanye.

3.0 Hujja Daga Gwaji

Gwajin CANTOS, wanda Paul Ridker ya jagoranta aka buga a 2017, ya ƙunshi mutum 10,061 da suka taɓa samun toshewar jijiyar zuciya. An yi wa wasunsu allurar canakinumab mai toshe intalukin-1. Kwalastaral ɗinsu bai ragu ba, amma a rukunin miligiram 150 haɗarin sake kamuwa ya ragu da kimanin kashi 15 cikin ɗari. Sai dai ba a samu hakan a ɓagas ba: mace-mace sanadin ƙwayoyin cuta sun ƙaru, kasancewar saƙon da aka datse shi ne dai ke kare jiki. Ga dukkan alamu wannan ne ya ƙara karkata hankali ga colchicine, tsohon maganin ciwon gaɓɓai mai araha, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don cutar zuciya a 2023.