Gem Ɗin da Yaran Funtua da Malumfashi Suka Taso da Shi, da Inda Yake a Yau

A watan Satumbar 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Funtua, Bakori da Malumfashi. An kwashe makonni babu kira, babu data. WhatsApp ya yi tsit, PUBG da Free Fire suka koma hoto kawai a fuskar waya. Gem ɗin da ya ci gaba da aiki shi ne wanda ba ruwansa da sabis. Ga wanda ya haura shekara talatin a yankin, wannan ba baƙon abu ba ne, domin da irinsa ya taso: talabijin mai ƙeya, kaset, da yara cike da ɗaki suna jiran layi.

Gem a wannan yanki yana da lokacinsa. Da damina yaro yana gona, aljihun kowa a bushe. Sai kaka ta yi, an karya masara, an yanke dawa, an fara cirar auduga, sannan kuɗi ke shigowa gari. Yaron da ya yi kala a bayan masu girbi, ko ya yi ƙwadagon ɓarar masara, yakan samu 'yan canjinsa. Idan aka haɗa da kuɗin barka da Sallah, to an san inda za su ƙare. Funtua mahaɗa ce, hanyar Zariya zuwa Gusau da Sakkwato ta ratsa ta, ga wadda ta nufi Malumfashi, don haka kayan lantarki daga Kano da Zariya ba sa wuyar isowa.

Zamanin kaset

Na'urar da yawancin yara suka fara riƙewa ba ta ainihi ba ce. Kamfanin Nintendo ya fitar da Famicom a Japan a 1983, ta shiga Amurka da sunan NES a 1985. Abin da ya iso kasuwannin Arewa bayan shekaru kwaikwayonta ne daga China da Taiwan, mai araha, da kaset ɗinta ruwan ɗorawa. A jikin kaset a rubuta wasanni 9999 a guda. Ƙarya ce tsagwaronta. Wasanni kaɗan ne ake ta maimaitawa, a sauya suna ko a fara daga wani mataki. Amma wa ya damu? Akwai Super Mario Bros. na 1985. Akwai Contra na Konami, wanda mutum biyu ke bugawa tare, wanda ya ƙarar da rayukansa ya saci na abokinsa, faɗa ya tashi. Akwai kuma gem ɗin tankar yaƙi, Battle City na kamfanin Namco, inda ake gadin gaggafa a ƙasan allo. Ba abin da ke jawo zagi kamar mutum ya harbe gaggafar ɓangarensa da hannunsa.

Abin da ya fi ɗaure wa yara kai shi ne bindigar harbin agwagwa ta Duck Hunt. Ya aka yi talabijin ta san inda aka saita? Talabijin ba ta san komai ba, bindigar ce ke gani. A cikin bakinta akwai ɗan ƙwayar da ke gane haske. Da an ja kunama, allon yakan yi baƙi na ƙiftawar ido, sai farin murabba'i ya bayyana daidai inda agwagwar take. Idan bindigar ta ga farin, an samu. Idan ba ta gani ba, karen nan ya leƙo daga ciyawa yana dariya.

Sai kuma hura kaset. Duk wanda gem ya taɓa tsaya masa ya zare kaset ya hura masa iska da baki. Iskar ba ta gyara komai. Cirewa da mayarwar ne ke sa haƙoran kaset su zauna daidai, danshin bakin kuwa tsatsa yake jawowa a hankali.

Shagon gem

Da Sega Mega Drive ta shigo da Mortal Kombat, sai wasa ya fara barin falo yana komawa shago. PlayStation ta Sony, wadda ta fito a 1994, da PlayStation 2 ta shekarar 2000, su suka tabbatar da sana'ar: benci, talabijin biyu ko uku, ƙaramin janareto a bakin ƙofa, saboda NEPA ba ta da alƙawari. Idan aka ɗauke wuta ana tsakiyar wasa, wanda ake ci ya ce a sake daga farko, wanda ke kan gaba ya rantse ba zai yarda ba.

Sarkin shago shi ne Winning Eleven na Konami. Rubutun Japananci ne, mai sharhin ma, Jon Kabira, da Japananci yake ihu, amma yara sun haddace inda za su danna ba tare da sun karanta ko harafi ɗaya ba. Kowa ya san dabarar ɗauko Roberto Carlos daga baya a kai shi gaba saboda gudunsa, kamar yadda daga baya aka san ƙafar hagun Adriano a PES 6 na 2006. Mai kishin gida ya ɗauki Najeriya don Okocha da Kanu. Dokar shago ba a rubuce take ba: wanda ya ci ya zauna, wanda aka ci ya biya.

Ba duka labarin ne mai daɗi ba. Iyaye da malamai sun yi ta kuka da shagunan nan, kuma suna da hujja. An tsallake Islamiyya, an taɓa kuɗin aike, an sha bulala. Duk da haka, a nan ne yara da dama suka fara sanin mene ne memori, yadda ake haɗa waya da talabijin, da dalilin da ya sa faifan da ya karce ke ƙin tashi.

Daga baya gem ya shiga aljihu. GSM ta zo Najeriya a 2001, Nokia 3310 ta zo da Snake II. Kafin ta akwai Brick Game mai batir, wanda tushensa Tetris ne na Alexey Pajitnov, ɗan Rasha.

Yadda ake buga su a waya

Yawancin wasannin nan suna tashi a wayar Android mai sauƙin kuɗi, ta hanyar manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'ura. RetroArch tana ɗaukar na NES, Sega da PlayStation ta farko. PPSSPP, wadda matasa ke buga PES da ita, ta wasannin PSP ce, kuma mutum biyu za su iya karawa ta hotspot ba tare da data ba. Masu iPhone sai a Afrilun 2024 Apple ya buɗe musu ƙofa, manhajar Delta ta shiga App Store. Nauyi ba matsala ba ne: Super Mario Bros. gaba ɗayansa kusan kilobayit 40 ne, hoto guda na kyamarar waya ya ninka shi sau da yawa.

Sai dai a kula da abu biyu. Manhajar kwaikwayon daban, fayil ɗin gem ɗin daban, shi kuwa har gobe mallakar kamfaninsa ne, kuma Nintendo ba ya wasa da haƙƙinsa. Na biyu, shafukan da ke raba fayilolin APK kyauta sukan cusa manhajar leƙen asiri. Gem ɗin da ya nemi izinin karanta saƙonni ko lambobin waya, a wayar da ake shiga asusun banki da ita, a goge shi nan take. Samun halastaccen kwafi ma ba sauƙi: binciken Video Game History Foundation na 2023 ya gano kashi 87 cikin 100 na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su yanzu.

Shi ya sa tsohon kaset ko PlayStation 2 da ke jibge a ƙarƙashin gado bai kamata ya tafi hannun 'yan gwangwan ba. A goge haƙoran kaset da auduga da ɗan sifirit, a ajiye shi nesa da danshin damina. Wanda kuma ke da bindigar Duck Hunt sai ya riƙe tsohuwar talabijin ɗinsa mai ƙeya. Talabijin ta bango tana ɗan jinkirta hoto kafin ta nuna shi, farin murabba'in sai ya iso bayan bindigar ta gama dubawa, agwagwar ta tashi ta tafi abinta.