Idan Injinka Ya Fara Gurnani Bai Tashi Ba, Kashe Shi Tukuna

Yau maganata da masu injin niƙa, masu casar shinkafa da masu fanfon burtsatse a Bacirawa da kewaye, duk mai aiki da wuta fes uku.

Wutar nan daga tashar TCN ta Kumbotso take shigowa Kano, a riƙa rage ƙarfinta mataki-mataki, har taransifomar unguwa ta mayar da ita bolt 415 tsakanin fes da fes, bolt 240 tsakanin fes da nitiral. Riƙe lambobin nan biyu, da su ake gano matsala.

Abin da na fi gani yana ƙone moto shi ne faɗuwar fes ɗaya. Ka kunna, ka ji "huuum", bai juya ba. In kuma yana cikin gudu fes ɗin ya ɗauke, zai ci gaba da juyawa a kan biyu, yana jan wuta fiye da kima, kwail ya yi zafi ya ƙone. Kuɗin sake naɗin kwail ya ninka na fiyus sau da yawa.

To me za ka yi? Kashe nan take. Mai gyara ya sa mita daga inda wuta ke shigowa, ya bi ta har moto. In tun daga shigowa fes ɗaya babu, laifin a waje yake, fiyus ɗin taransifoma ko waya ta tsinke. Wannan aikin KEDCO ne, a kai musu rahoto. Don Allah kada wani yaro ya hau pol.

In ukun sun shigo lafiya amma bayan kwantakta ɗaya ya ɓace, bakin kwantaktan ya ci wuta, ko noti ya saki. Ƙauri da baƙin tabo za su nuna maka wurin.

In kuwa wani kwan fitila ya yi haske bal, wani ya dushe, nitiral ne ya rabu. Cire komai daga soket, yana kashe kaya.

Kuma fiyus da ke yawan ƙonewa ƙara yake kawo maka. Ka ɗaura masa waya mai kauri, ka rufe bakin mai gadi ne, sai gobara.

Mai tambaya ya ajiye a ƙasa. Sai shiri na gaba, Allah Ya tsare mu.